Daidaita Takardar Shaidar Lafiyar Dabbobi a Cinikin Kan Iyaka: Nazari Daga Mashigar Illela da Birnin Ƙonni

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan lafiyar dabbobi da cinikin kan iyaka, a birnin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi takardar shaidar lafiya da ke rakiyar dabbobi da kayan da ake samu daga jikinsu idan za su tsallaka iyakar ƙasa, ta ɗauki mashigar Illela da Birnin Ƙonni a matsayin fagen nazari. Ta bi sawun yadda annobar bushiya ta haifar da wannan takarda, ta bayyana ƙa'idojin da ƙasashen duniya suka amince da su, sannan ta auna su da yadda ciniki ke gudana tsakanin Jihar Sakkwato da jihohin Tawa da Dosso na Jamhuriyar Nijar. Matsayar maƙalar ita ce, daidaita fasalin takarda shi ne mafi sauƙin aikin. Darajar takarda tana rataye ne a kan abu uku: sanin wanda ya sa mata hannu, da tabbatar da dabbar da take magana a kai, da sauƙin samunta ga falke da makiyayi. A ƙarshe an kawo shawarwari kan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa tsakanin Nijeriya da Nijar, ganin cewa Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san karar Sakkwato ya san cewa ba duk dabbar da ake yankawa a garin nan ce haihuwar Nijeriya ba. Raƙuman da ake kaiwa mayanka, da shanun Azawak da Rahaji, da ragunan Uda da Balami da ke cika kasuwa gab da Babbar Salla, da yawansu daga arewa suke gangarowa. Suna tasowa daga kasuwannin Abalak da Cintabaraden da Tawa, su biyo ta Birnin Ƙonni su faɗo Illela, mai tazarar kilomita 80 da 'yan kai daga birnin Sakkwato. Daga nan wasu su tsaya a gida, wasu a loda su a manyan motoci zuwa Ibadan da Legas da Fatakwal. Fatu da ƙiraga da kilishi da cuku su ma wannan hanyar suke bi.

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma mutanen da ke ɓangarorinta biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Abin da ya sami garken wancan ɓangare ba ya daɗewa bai iso wannan ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya. A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a yankin Cintabaraden da Tassara, ya kashe dabbobi da mutane, a jihar Tawa wadda Birnin Ƙonni ke cikinta. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 murar dawaki da jakuna ta faɗa wa Jihar Sakkwato, ta kuma yi ɓarna a Nijar da wasu ƙasashen yankin.

Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: wace irin takarda ce jami'in Illela zai karanta ya yarda da ita, jami'in Ƙonni ya cike ta ba tare da ya yi ƙarya ba, mai dabba kuma ya neme ta da kansa?

2.0 Asalin Takardar

Bushiya ce ta koya wa duniya wannan darasi. A 1887 ta shigo Afirka ta tashar Massawa da ke gaɓar Bahar Maliya, a jikin shanun da aka kawo wa sojojin Italiya. Cikin 'yan shekaru ta ratsa nahiyar har ƙasar Hausa, ta share garken Fulani, ta bar masu dukiya ba ko saniya. A 1920 wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai su Brazil suka yada zango a tashar Antwerp, cutar ta ɓarke a Beljiyam. Firgicin da wannan ya jefa Turai a ciki ne ya kai ga ƙasashe 28 suka sa hannu a Paris a watan Janairun 1924, suka kafa hukumar da a yau ake kira Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, WOAH. A wannan shekarar ce kuma aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, domin yaƙi da bushiya.

Gangamin allurar haɗin gwiwa da aka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi ya kusa gamawa da cutar. Da aka sassauta bibiya, sai ta dawo a farkon shekarun 1980, kuma dattawan makiyaya har yau suna tuna ɓarnar 1983. Sai a 2011 aka ayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan tarihi. Ba a ci nasara ba sai da maƙwabta suka yi aiki da ma'auni ɗaya. Sannan a lokacin gangamin ana huda kunnen saniyar da aka yi wa allura, alamar da jami'i ke ganewa, makiyayi ma ke ganewa, ba tare da wani ya iya karatu ba.

3.0 Ƙa'idojin da Duniya ta Amince da Su

Kundin Lafiyar Dabbobin Tudu na WOAH, wanda aka fara bugawa a 1968, shi ne madogara. Tun da yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan matakan kare lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai ta fara aiki a 1995, wannan kundi ne ake komawa gare shi idan ƙasashe suka yi saɓani kan cinikin dabbobi.

Kundin ya raba takardar gida biyu. Kashi na farko bayanin kaya ne: mai aikawa, mai karɓa, inda dabba ta fito, inda za ta, motar da ta ɗauko ta, mashigar da za ta bi, jinsi da adadi da alamar kowace dabba. Kashi na biyu shi ne shaidar lafiya, inda likita ke faɗin abin da ya gani da abin da aka yi, na allura ko gwaji ko killacewa.

Sharuɗɗan da aka ɗora wa mai sa hannu sun fi fasalin muhimmanci. Dole hukumar lafiyar dabbobi ta ƙasarsa ce ta ba shi izini. Ba zai shaidi abin da bai sani ba, sai dai idan wani mai iko ya tabbatar masa da shi a rubuce. Ba zai sa hannu a takardar da ba a gama cikewa ba. Kada kuma ya zama yana da wata riba a cinikin. Ita takardar ana so ta ɗauki lamba tata ita kaɗai, a rubuta ta da kalmomi masu sauƙi, a harshen da likitan ke ji da kuma harshen ƙasar da za ta karɓa, kuma launin sa hannu da hatimi ya bambanta da na bugun takardar.

Ƙasar da ke shigo da kaya ma an ɗaure ta. Ba ta da ikon gindaya sharaɗi kan cutar da ke cikin gidanta wadda ba ta da wani shiri na hukuma na yaƙi da ita. Wannan ƙa'ida ta shafe mu kai tsaye, domin ciwon huhun shanu, da annobar awaki da tumaki, da ciwon baki da kofato, duk suna nan a ɓangarorin iyakar biyu. Idan Nijeriya ta nemi likitan Ƙonni ya rubuta cewa yankinsa ba shi da ɗaya daga cikinsu, ta tilasta masa zaɓi tsakanin ƙarya da hana ciniki.

4.0 Dokokin Gida da na Yanki

A Nijeriya, dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 1988 an maye gurbinta da sabuwa a 2022. Izinin shigo da dabba daga ofishin Babban Likitan Dabbobi na Ƙasa yake fitowa. Hukumar NAQS ke duba dabbobi da kayansu a mashigai, NAFDAC na da hannu a abincin da aka sarrafa, jihohi kuma su ne ke kula da kasuwanni da mayanka da takardar izinin tafiya a cikin gida. A 2024 aka ƙirƙiri Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya.

A matakin yanki, shugabannin ECOWAS sun zartar a Abuja a 1998 cewa duk garken da zai tsallaka iyaka don kiwo ya riƙe takardar shaida ta ƙasa da ƙasa, mai ɗauke da yawan dabbobi, da alluran da aka yi musu, da hanyar da za su bi, da mashigar da za su tsallaka. Garken da ba shi da ita ana iya killace shi, mai shi ya biya kuɗin. A 2010 ƙungiyar ta fitar da ƙa'idar daidaita matakan kare lafiyar tsirrai da dabbobi da abinci. Nijar kuma tana bin makamanciyar ƙa'ida ta 2007 ta ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa, wadda Nijeriya ba ta ciki.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Inuwar dokar da ta haɗa Illela da Ƙonni ta yi rauni ke nan, alhali dabbobin ba su daina tafiya ba.

5.0 Giɓin da ke Tsakanin Doka da Aiki

Giɓi na farko na harshe ne. Takardar Nijar da Faransanci take zuwa, ta Nijeriya da Ingilishi. Jami'an biyu idan sun haɗu da Hausa suke magana, mai dabba ma Hausa ko Fulfulde ko Buzanci yake ji, amma takardar da ta haɗa su uku ba wanda zai karanta ta daga farko har ƙarshe. Abin da ba a karantawa, hatiminsa kawai ake dubawa.

Na biyu shi ne alaƙar takarda da dabba. Idan an rubuta shanu 30 ba tare da wata alama ba, kowane shanu 30 na iya shiga ƙarƙashinta. A kara ana saye ana sayarwa, ana haɗa na wannan da na wancan kafin a cika mota. Dabbobin da suka baro Tawa tare da wuya su isa Jebba tare.

Na uku, takarda ɗaya ake so ta yi aiki huɗu. Bajimin da za a yanka a Legas cikin mako guda, da garken da ya shigo cin rani zai kwana wata huɗu yana shan ruwa tare da shanun gida, da bajimin iri da wani mai gona ya sayo, da lodin ƙiraga, haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Garken kiwo da dabbar iri su ne suka fi iya dasa cuta, domin suna cuɗanya kuma suna daɗewa. Ciwon huhu musamman yana iya ɓuya a jikin saniyar da ta yi kamar ta warke, ido ba zai gane ta a bakin iyaka ba.

Na huɗu, kayan dabbobi kusan an bar su a baya. Ƙwayar cutar saifa tana rayuwa shekaru a busasshiyar fata da cikin ƙasa. A watan Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta ja kunnen jama'a kan cin ganda saboda ɓullar cutar a arewacin Ghana, a watan Yuli kuma aka tabbatar da ita a wata gona a Suleja. NAFDAC ta sha gargaɗi cewa ana karkatar da ƙiragan da aka shigo da su don jima, waɗanda aka zuba wa sinadari, zuwa tukunyar miya. Takardar da ba ta faɗi ko fata ta majema ce ko ta ci ba, ta bar ƙofa a buɗe.

Na biyar, kuma mafi nauyi, tsada da wahala. Falke yana lissafi: nisan ofis, kwanakin jira, ramar dabba a inda babu ruwa babu ciyawa, da abin da zai kashe a shingayen hanya ko yana da takarda ko ba shi da ita. Idan takarda ba ta rage masa komai ba, barauniyar hanya ta fi masa. An ga haka lokacin da aka rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa buɗe iyakar a Maris 2024. Dabbobi ba su daina shigowa ba, idon likita ne ya daina ganinsu.

6.0 Darasi Daga Waje da Daga Cikin Gida

A 1998, sannan a 2000, Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen ƙahon Afirka saboda zazzaɓin Rift Valley. Makiyayan Somaliya sun ji jiki, domin ragunan aikin Hajji su ne babbar kasuwarsu. Ba a ɗage musu takunkumin ba sai a 2009, bayan an gina wuraren killacewa a tashoshi irin su Berbera da Bosaso, inda ake tsare dabba, a gwada ta, a ba ta takardar da mai saye ya yarda da ita. A kudancin nahiyar, Botswana da Namibiya suna sayar da nama a Turai ne saboda suna iya bin sawun saniya daga mayanka har garken da ta fito. Duk mai fatan ganin naman Sakkwato ko fatar jar akuyarta a manyan kasuwanni, ko cin moriyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da ta fara aiki a Janairun 2021, da wannan ma'auni za a auna shi.

A cikin gida ma akwai abin koyi. Cinikin shanu a ƙasar Hausa ya daɗe yana tafiya a kan lamuni. Dillali ke tsaya wa baƙo cewa dabbarsa ba ta sata ba ce, mai gida ke tsaya wa mahauci cewa zai biya bashi. Binciken Abner Cohen kan Hausawan Sabo a Ibadan, wanda aka buga a 1969, ya nuna yadda wannan amana ta riƙe cinikin shanu tsakanin arewa da kudu. Dillalin kara ya san daga wace ruga dabba ta fito fiye da kowane jami'i. Tsarin shaida da ya tsallake shi ya yi asarar mafi kyawun majiyarsa.

7.0 Shawarwari

i. A ƙulla yarjejeniya kai tsaye tsakanin hukumomin lafiyar dabbobi na ƙasashen biyu. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 kuma ofishinta ke Yamai, ta girmi ECOWAS, kuma ita ce mazaunin da ya dace da wannan magana.

ii. A fitar da takarda iri huɗu a kan fasalin WOAH: ta dabbar yanka, ta garken kiwo, ta dabbar iri, da ta kayan dabbobi. Kowace ta zo da Ingilishi da Faransanci da Hausa a layi ɗaya, gurabenta da lambobi iri ɗaya, ta yadda gurbi na 7 a Ƙonni shi ne gurbi na 7 a Illela.

iii. A taƙaita shaidar lafiya ga cututtukan da ƙasashen biyu ke yaƙa da gaske: ciwon huhu, annobar awaki da tumaki wadda duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da ita, saifa, zazzaɓin Rift Valley, murar tsuntsaye. A yarda a kan irin allura, da tsawon lokacin da take aiki, da kwanakin da takarda za ta yi kafin ta mutu. Cibiyar Vom da ta LABOCEL a Yamai su amince da sakamakon gwajin juna, a kuma daidaita lokacin gangamin allura a ɓangarorin biyu.

iv. Kowace ƙasa ta miƙa wa ɗayar sunayen likitocin da ta ba izini, da samfurin sa hannunsu da hatiminsu. Da yake likitoci sun yi kaɗan, malaman dabbobi da ke ƙauyuka su riƙa cike takardar gani da ido, likita ya dogara da ita ya sa hannu, kamar yadda kundin ya halatta.

v. A yi wa dabbar iri da garken kiwo alamar kunne mai lamba. Dabbar yanka kuwa alamar fenti ta lodi ɗaya ta wadatar, tare da lambar motar da ta ɗauko ta.

vi. A kai ofis cikin kara ranar kasuwa. A rubuta kuɗin takarda a allo, a ba da rasit, a sa sunan dillali a matsayin mai shaidar asalin dabba. Gwamnatin tarayya da jihohi su yarda cewa takardar da aka bayar a Illela ta isa har inda za a sauke kaya, ba a sake karɓar wani kuɗi a kanta.

vii. Kowace takarda ta ɗauki lambar da za a iya tantancewa ta saƙon waya. Takardar hannu ta ci gaba da aiki, domin ba ko'ina ake samun intanet ba.

viii. A tanadi wurin killacewa mai ruwa da inuwa da abinci a Illela, don kada tsare dabba ya zama hukuncin kisa a kanta.

ix. Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta riƙa ɗaukar samfur daga dabbobin da suka shigo da takarda, a kara da mayanka, tana gwada abin da aka rubuta da abin da ke jikinsu. Huhun da aka samu da cuta a mayankar Sakkwato ya kamata labarinsa ya koma ga likitan da ya sa hannu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙa'idojin daidaita takardar shaidar lafiyar dabbobi suna nan a rubuce, a matakin duniya da na yanki da na ƙasa. Abin da ya rage shi ne a sauko da su daidai da cinikin da ake yi a ƙasa, inda dabba ke sauya hannu sau da yawa, masu ita ba sa karanta harshen takarda, kuma barauniyar hanya tana kusa. Za a gane an yi nasara idan yawan dabbobin da ke bi ta mashigar hukuma ya ƙaru ba tare da an ƙara shinge ba, kuma idan cutar da aka gano a mayanka ana iya bin sawunta har kasuwar da ta taso. Sakkwato tana da kara, tana da mashiga, tana da tsangayar likitoci, tana kuma da maƙwabta masu jin harshenta. Saboda haka ana kira ga wannan taro da ya kafa ƙaramin kwamiti na likitoci da jami'an kan iyaka da shugabannin dillalai da mahauta da makiyaya, ya tsara daftarin takardun huɗu cikin harsuna uku, a gwada su a Illela da Birnin Ƙonni na tsawon shekara guda kafin a miƙa sakamakon ga gwamnatocin biyu.